Mas'alar Ranakun Hutu Waɗanda Ba Na Addini Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. 

Dalilin wanga rubutu wani Alhaji ne maƙwabcina a nan Lahodu, mai fataucin albasa da tafarnuwa. Ran Laraba 12 ga Yuni 2019, kwana takwas bayan ƙaramar Salla, ya yi asubanci ya shiga mota zuwa Sakkwato domin ya ɗauko kuɗinsa a banki ya sayi taki, ga shi damina ta kawo kai. Ya iske ƙofa a garƙame, ba kowa sai mai gadi bisa benci. Mai gadi ya ce masa yau hutu ne, ranar dimokuraɗiyya. Alhaji ya ce, ai wagga rana 29 ga Mayu a ke yin ta, ta wuce. Mai gadi ya ce an sake mata mazauni. Haka ya komo gida da la'asar sakaliya, kuɗin mota sun tafi, yini ya tafi, taki bai samu ba. Bayan Magariba ya zo zaurena ransa a ɓace, ya ce, "Allah gafarta malam, waɗanga ranaku da hukuma ke ƙagowa, mene ne hukuncinsu? Idi ne na uku da na huɗu anka ƙara wa Musulmi? Kuma in yarona ya tafi fareti ran 1 ga Oktoba, na yi laifi?" Na ba shi amsa a taƙaice a daren nan. Amma tun daga sa'an nan babu shekarar da ba a sake kawo mini tambayar ba, saboda haka na ga ya kamata in shimfiɗa ta a nan, kowa ya samu.

Ka sani, ya kai mai karatu, mu mutanen ƙasar Rima da lissafi uku mu ke zaune, ko mun lura ko ba mu lura ba. Na farko lissafin wata, wanda Sayyidina Umar ya kafa mafarinsa daga Hijira. Shekararsa kwana 354, da shi mu ke azumi da layya da hajji da fid da zakka. Na biyu lissafin taurari, manzili 28, kowane kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, jimla 365. Da shi manomi ke sanin shigar bazara da faɗuwar ruwa, da sa'ad da ɗari zai sauka a dasa albasa a fadama. Malamanmu na da sun haɗa shi da watannin da su ke kira na Ajamawa, su Maris da Agushta da Dujambar, suna rubuta su a gefen takarda. Na uku lissafin ofis, wanda Turawa sunka zo da shi. Shi da na Ajamawa uwarsu ɗaya, watau lissafin Rumawa, sai dai a 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara shi ya zubar da kwana 10, Ingila kuwa ba ta bi ba sai 1752. Shi ya sa in ka gwada su yau, sai ka ga na malamai yana baya da kwana 13.

To, ranakun da Alhaji ke tambaya duk bisa lissafi na uku anka ɗora su. Da ya ke shekarar rana ta fi ta wata da kwana 11, Salla tana kewaya shekara, ta zo cikin ɗari, ta zo cikin bazara, ba ta komowa mazauninta sai bayan kamar shekara 33. Amma 1 ga Oktoba kullum da kaka ta ke iske mu, gero na tsaye ko yana kwance a gona.

Ɗan kasuwa ya riƙe wanga adadi: ranakun da Gwamnatin Tarayya ke rufe ofis da banki ba domin addinin kowa ba guda huɗu ne, 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, da 1 ga Oktoba. Sauran hutun duk na addini ne, ko namu, watau Salloli biyu da Maulidi, ko na Kirista, watau Kirsimeti da wanshekarenta, da Juma'a da Litinin na Ista. Gwamnatin Sakkwato kuma ta kan ƙara 1 ga Muharram. Akwai waɗansu ranaku masu yawa da a ke ambato a rediyo, a yi taro a yi jawabi, amma ba a rufe komai.

A kan 1 ga Janairu ba ni da dogon zance. Wani almajiri ya taɓa ce mini sunan watan ma na gunki ne. Gaskiyarsa, Rumawa suna da abin bauta mai fuska biyu, ɗaya na duban baya ɗaya na duban gaba, da sunansa sunka kira watan, kamar yadda sunka kira Yuli da Agusta da sunayen sarakunansu biyu. Na ce masa, Safar da Rajab ma Larabawan Jahiliyya sunka raɗa musu suna, Musulunci ya zo ya bar su a haka. Mai rubuta Janairu bisa rasit ba ya nufin gunki. Abin da ya fi cancanta ɗan Arewa ya sani game da wagga rana shi ne, ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ya ce Arewa ta shiga hannunsu, alhali Sarkin Musulmi na bisa gadonsa bai sani ba, kuma ran 1 ga Janairu 1914 anka haɗe Kudu da Arewa anka ce Nijeriya.

Ranar da na ke so mu tsaya a kanta ita ce 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Ba a rufe ofis, amma Shugaban Ƙasa a Abuja da gwamnoni a jihohi su kan fito su aza furanni gindin gunkin soja, a busa bigila, a saki fararen tantabaru. Zamanin Turawa ran 11 ga Nuwamba a ke yin ta, domin ran nan ne cikin 1918 anka tsai da Yaƙin Duniya na Farko, daga baya kuma anka haɗa da waɗanda sunka faɗi a na biyu, cikinsu har da samarin ƙasarmu da anka kai Bama. Bayan yaƙin basasa sai anka mai da ita 15 ga Janairu, saboda ran nan ne cikin 1970 manyan sojan Biyafara sunka miƙa wuya ga Janar Yakubu Gawon a Ikko, bayan wata 30 ana zub da jini.

Amma tafi Rabah ka ambaci 15 ga Janairu gaban dattijo, ka ga ko yaƙin basasa zai fara faɗo masa. Ran nan ne cikin 1966, daren Juma'a wayewar Asabar, sojoji sunka shiga gidan Firimiya a Kaduna sunka kashe Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da matarsa Hafsatu. A Rabah anka haife shi, ya yi sarautar Rabah tun 1934 kafin a naɗa shi Sardauna a 1938, kuma jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne wanda ke kwance a nan Wurno. A daren nan anka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko anka kashe shi, anka kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da waɗansu manya na Arewa da na Yamma. Ashe rana ɗaya ce ta ɗauki mafarin fitina da ƙarshenta, shekara huɗu cif tsakani. Hukuma ta zaɓi ta tuna da ƙarshen, mutanenmu kuwa mafarin ne ya zauna musu a rai.

Akwai wani abu kuma da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya nuna mini. Shi bai taɓa cewa an kashe Sardauna cikin Janairu ba. Cewa ya ke yi cikin goman ƙarshe na azumi, ana shirin sahur, kuma haka ne, Ramadan ne na 1385. Duk shekara in goman ƙarshe sunka kama sai ya sa shi cikin addu'a, ko da azumin ya faɗo tsakiyar damina. Mutuwa ɗaya, ga ta da ranar tunawa biyu, ɗaya na tsaye wuri guda ɗaya na yawo. Daga nan na fara gane cewa rana ba ta da alama a jikinta, mutane ne ke aza mata.

Wanda ya ke shakkar haka ya dubi 15 ga Maris. Ran 15 ga Maris 1903, cikin Zulhajji na 1320, rundunar Turawa ta kara da ta Sarkin Musulmi Attahiru na Farko a Giginya, bayan birnin Sakkwato, da bindiga mai ruwa, kafin rana ta yi tsaka gari ya faɗi. Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa har ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli na shekarar. Bayan shekara 56, da Jihar Arewa za ta karɓi mulkin kanta, ranar da anka tsayar ita ce 15 ga Maris 1959, domin abin da ya fita ta wata ƙofa ya komo ta ita. Ranar ta faɗo cikin azumi, babban hawan daba kuwa sai cikin Mayu anka yi shi a Kaduna, sarakunan Arewa da dawakinsu sunka taru, Duke na Gulosta ya zo daga Ingila. Lalle babu ranar hukuma da ta kai wagga ma'ana ga Basakkwace. To, ina ta ke yau? Jihar Arewa ta watse ran 27 ga Mayu 1967 da anka yanka ƙasa jiha 12, ranarta ta bi ta. Tambayi ɗalibi goma a Wurno abin da ya faru 15 ga Maris, in ka sami ɗaya ka yi sa'a. Wanga kuwa laifinmu ne mu masu karantarwa, ba sai an rufe banki a ke gaya wa yaro tarihin kakanninsa ba.

Ta 1 ga Mayu baƙuwa ce, daga Amurka ta taso. Cikin 1886 ma'aikatan birnin Cikago da waɗansu garuruwa sunka ajiye aiki ran 1 ga Mayu suna neman a tsai da aikin yini bisa awa 8, domin a sa'an nan mutum ya kan yi awa 10 ko 12 ko fiye a masana'anta. Ran 4 ga wata anka jefa bam cikin taro, 'yan sanda da ma'aikata sunka mutu, anka rataye huɗu daga jagororinsu a 1887. Taron ƙungiyoyin ma'aikata da anka yi a Faris a 1889 ya tsai da ranar ta zama ta ma'aikatan duniya. Abin mamaki, ita Amurka ba ta yarda da ita ba, tata ranar ma'aikata Litinin ta farko ce cikin Satumba. A ƙasarmu Gwamnan Kano Muhammadu Abubakar Rimi ya ba da hutunta a 1980, sa'an nan Gwamnatin Tarayya zamanin Alhaji Shehu Shagari ta game ƙasa da ita a 1981. Da ni anka yi wa shawara, da na ce muna da tamu, 18 ga Nuwamba 1949, ran da 'yan sandan Turawa sunka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu bisa zancen haƙƙinsu. Amma ba a nan damuwata ta ke ba. Ran 1 ga Mayu mai albashi ke hutawa, ya sa rigar ƙungiya ya yi maci gaban gwamna. Ɗan dakon da ke loda buhun albasa bisa tirela, da ɗan ƙwadagon da ke cikin laka a fadamar Goronyo tun asuba, su ba su san ana yi ba, alhali domin irinsu anka kafa ranar. Kai mai kaya, ba sai gwamna ya yi jawabi ba. Shari'a ta riga ta hore ka da ka biya ɗan ƙwadago lokacin da ya gama, kada ka ce masa sai kasuwa mai zuwa. Wanda ya kiyaye wanga ya fi mai maci riƙon ranar.

Cikin Mayu ɗin dai akwai ranar yara, 27 ga wata, wadda a ke ba 'yan makarantar boko hutu su yi fareti. Tsofaffin da sunka yi elementare zamanin En'e sun ba ni labarin wadda ta gabace ta, 24 ga Mayu, ranar Daular Ingila, watau ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya. A jera yara a fili, su sara wa tutar Ingila gaban Di'o, a yi tsere da langa da jan igiya. Tuta ta sake, rana ta gusa da kwana uku, fareti na nan yadda ya ke. Almajirin allo kuwa bai shiga lissafi ba, da can da yanzu.

Sai wadda ta ɓata wa Alhaji yini. Ran 29 ga Mayu 1999 Janar Abdussalami Abubakar ya miƙa mulki ga Obasanjo, soja sunka koma bariki, anka mai da ranar ta dimokuraɗiyya, anka yi ta shekara da shekaru. Cikin Yuni 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ce an mai da ita 12 ga Yuni, anka fara a 2019. Dalili kuwa zaɓen 12 ga Yuni 1993, wanda Alhaji Mashud Abiola na SDP ya kara da Alhaji Bashir Tofa na NRC, Abiola na kan gaba har a Kano garin Tofa, sai gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen ran 23 ga wata. Abiola ya rasu a tsare ran 7 ga Yuli 1998. Na ga wanga zaɓe da idona ina saurayi, kuma ban manta ba mafi yawan ƙuri'ar Jihar Sakkwato Tofa ta bi. Duk da haka ban ga aibin ranar ba, domin soke abin da jama'a sunka zaɓa cin amana ne ko wa anka yi wa. Abin lura dai shi ne, shugaba ɗaya ya kafa, wani ya tuge ya dasa wani wuri, da alƙalami kawai. Wane sarki ne ya isa ya ɗage Idin layya daga 10 ga Zulhajji ya kai shi 24? Wanga shi ne bambancin da Alhaji ke nema, ya kuwa gan shi da idonsa a ƙofar banki.

Ta 1 ga Oktoba kowa ya san ta. A 1960 anka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Ikko anka ɗaga kore da fari da kore, a 1963 ƙasa ta zama jamhuriya a wagga rana, a 1996 kuma a cikinta anka cire Zamfara daga Sakkwato. 'Yan'uwanmu na Nijar tasu 3 ga Agusta ce, kuma sun yi wata dabara da na yaba: tun 1975 sunka haɗa ta da dashen itace, ga shi tsakiyar damina ce, abin da anka dasa ya kan kama. Mu da hamada ke leƙowa ta Gada da Illela, da mun ari wagga.

Bayan waɗanga akwai tarin ranaku na Majalisar Ɗinkin Duniya da rassanta, sun yi yawa har wata rana ta kan ɗauki biyu ko uku. Ta mata 8 ga Maris, ta ruwa 22 ga Maris, ta lafiya 7 ga Afrilu, ta malaman makaranta 5 ga Oktoba, ta harshen Larabci 18 ga Disamba, domin ran nan ne a 1973 Majalisar ta karɓi Larabci cikin harsunan aikinta. Samarin Hausawa ma sun kafa ta Hausa, 26 ga Agusta, tun 2015, ta hanyar wayar hannu, ba da umurnin kowace hukuma ba. Mafi yawansu jawabi ne da hoto da ruwan kwalba. In an zo ta mata na kan ce wa masu jawabi, ku ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu da jajojinta na 'Yan Taru, waɗanda sunka riƙa bin ƙauyukan ƙasan nan da malfa bisa kai suna karantar da mata tun kafin a kafa Majalisar.

Biyu daga ciki sun taɓa ni. Ta farko 8 ga Satumba, ranar karatu da rubutu, wadda hukumar UNESCO ta tsayar a 1966. Manufarta kyakkyawa ce, ba mai jayayya. Sai dai tun zamanin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 a ke yi wa mai ajami kallon wanda bai iya karatu ba, mutum ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya riƙe littafin bashin kantinsa shekara 30 da ajami, a zo ƙidaya a sa shi layin masu dangwala yatsa. A 2007 anka cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 daga ta 100, saura ta 200 da 500 da 1000. Duk wanda zai yi bukin wagga rana a ƙasar Sakkwato, ya fara da ƙidaya mu cikin masu karatu.

Ta biyu 10 ga Disamba, ranar haƙƙin ɗan Adam. Ran nan a 1948 Majalisar ta zauna a Faris ta amince da takarda mai sashe 30, ƙasa 48 sunka yarda, 8 sunka ƙaurace wa ƙuri'a, cikinsu har da Saudiyya, saboda waɗansu sassa da sunka shafi aure da sauya addini. Malami na da abin cewa a kan waɗanga sassa. Amma sashen da ya ce ran mutum da amincinsa abin tsarewa ne, wane malami zai musa, alhali tsare rai da dukiya na cikin manyan manufofin Shari'a? Ran Lahadi 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga sunka faɗa kasuwar Goronyo sunka kashe mutum fiye da 40, masu saye da masu sayarwa irin masu karanta wanga shafi. Garuruwa nawa ne a gabashin Sakkwato sunka kwana daji tun daga sa'an nan? Ba su da rana a kalandar kowa. In za a yi taron 10 ga Disamba a Sakkwato, ni dai ina ganin da sunansu ya kamata a buɗe shi.

Ya kamata kuma in ambaci waɗansu mutane a Turai da Amurka waɗanda ba su bin addini ko ɗaya, suna cewa hankalin ɗan Adam ya ishe shi jagora. Su ma sun ga ba su iya zama shekara ba ranar taruwa, sai sunka kafa nasu: 21 ga Yuni, lokacin da yini ya kai matuƙar tsawonsa, da 12 ga Fabrairu, ranar haihuwar Darwin masanin halittu a 1809, da makamantansu. Waɗanga ba su shafe mu ba, tun da tushensu kore addini ne, kuma hukumarmu ba ta san da su ba. Amma akwai labarin da ya dace a sani. Bayan Faransawa sun tuɓe sarkinsu, a 1793 sunka soke kalandar Kirista ɗungum, sunka yi wata 12 kowane kwana 30, mako kwana 10, babu Lahadi, ranakun shekara kuma anka ba su sunayen tsirrai da dabbobi da kayan noma maimakon na waliyyan coci. Leburan da ya saba hutu bayan kwana shida ya koma sai bayan tara. Abin bai karɓu ba, Napoliyon ya soke shi daga 1 ga Janairu 1806. Rasha ma zamanin kwaminis ta gwada mako mai kwana 5 a 1929, ta komo ga bakwai a 1940. Hukuma ta iya ƙara rana bisa ranakun mutane, amma duk wadda ta nemi ta tumɓuke musu ranar ibada ta sha wuya.

Yanzu ga hukunci, gwargwadon abin da na fahimta. Asalin mas'alar hadisin Anas ne da Abu Dawuda da Nasa'i sunka ruwaito, cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya iske mutanen Madina da kwana biyu na wasa tun na Jahiliyya, ya sanar da su an musanya musu da Salla ƙarama da babba. Masu sharhi sun ce ranakun su ne Nairuz da Mihrajan na Farisa. Daga nan waɗansu malamai, kamar Shaihu Abdul'aziz bin Baz, sunka tafi a kan cewa duk ranar da a ke maimaita girmama ta kowace shekara ta shiga hukuncin idi, a bar ta. Waɗansu, kamar Shaihu Abdullahi bin Bayya na Muritaniya, sunka ce hanin ya shafi idin addini ne, ranar ƙasa kuwa al'ada ce, asalin al'ada halacci. Ita Saudiyya kanta ta mai da ranar ƙasarta, 23 ga Satumba, ranar hutu tun 2005.

Ni ga magana ta biyu na karkata, hujjata kuwa tana cikin zaurena. Kowace makarantar allo a ƙasar Hausa tana tashi ran Laraba, bayan an kawo kuɗin Laraba, a huta Alhamis da Juma'a. Malamai suna ruwaito cewa asalinsa yaran Madina ne sunka fita tarbon Sayyidina Umar yana komowa daga Sham, sunka gaji, ya ba su hutun. Shugaba ne ya yanka shi domin maslaha, yana maimaituwa kowane mako shekara fiye da dubu, ba kuwa wanda ya taɓa kiran Alhamis idi, ko ya ce mai karatu a cikinta ya yi zunubi. Ranar hukuma haka ta ke matuƙar ta kuɓuta daga abu uku: kada a ƙudurta lada cikin ranar kanta, kada a aikata haram a wurin taron, kada ta sa a tozarta salla. In ɗaya ya shigo, laifin na aikin ne. Wanda kuma ya bi magana ta farko ya ƙaurace, yana da malamai a gabansa, kada a zarge shi, shi ma kada ya kafirta ɗan'uwansa a kan tuta da ganga.

Saboda haka na ce wa Alhaji, yaronka ya tafi faretinsa, ka ce ya yi Azahar cikin lokaci. Kantinka kuwa babu dokar da ta ce ka rufe, hutun na ofis ne da banki da makaranta. Sai dai ka rubuta ranakun nan huɗu jikin bangon kanti, ka ƙara da cewa in ɗaya ta faɗo Asabar ko Lahadi, Ministan Cikin Gida ya kan ɗage hutun zuwa Litinin, kamar yadda anka yi ran 13 ga Yuni 2022 da ran 2 ga Oktoba 2023. Sanarwar ta kan fito kwana biyu ko uku kafin ranar, gidan rediyon Rima na faɗi. A saurara tukuna kafin a biya kuɗin mota.

Haza wasalam. Daga wani malamin allo, Lahodu, ƙasar Wurno.